Asalin Jigawa da Fadama

Matafiyin da ya tashi daga Kano ya nufi gabas, ya bi ta Ringim da Haɗeja har ya kai Nguru da Gashuwa, in dai mai lura ne, zai ga ƙasar ta kasu iri biyu, bi da bi. Ya hau tudun rairayi, ya gangara kwarin laka, ya sāke hawa wani tudun. Tuddan nan dogaye ne, suna kwance a jere kamar kunyoyin gona, duk sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. A kan tudun, watau jigawa, ake noman gero da wake da gyaɗa. A cikin kwarin kuwa, watau fadama, ake samun shinkafa da alkama da albasa da kifi, da ciyawar rani ta dabbobi.

Kowane manomi ya san amfanin jigawa da na fadama, amma ba kowa ne ya san yadda aka yi suka samu ba. Iska da ruwa ne suka gina su cikin dubban shekaru, sa'ad da ruwan sama ya yi ta ƙaruwa yana raguwa a wannan sashi na duniya. Labarin yana da amfani ga duk wanda abincinsa ke fitowa daga ƙasa, domin abin da ya kwashe ƙasa a zamanin da, shi ne har yau yake kwashe ta.

Aikin Kogi

Kogi yana da aiki uku: yana cin ƙasa, yana ɗaukarta, yana kuma ajiye ta. Inda ƙasa take da gangara, ruwa yana da gudu, sai ya riƙa cin gaɓarsa da gindinsa, yana mirgina tsakuwa da yashi. Inda ya fito fili shimfiɗaɗɗe, gudunsa ya ragu, sai kayan su yi masa nauyi, ya soma sauke su. Tsakuwa yake fara yarwa, sa'an nan yashi. Laka kuwa, da yake ita ce mafi laushi, ba ta kwantawa sai ruwa ya tsaya cik. Wanda yake so ya gani da idonsa, sai ya cika kwalba da ruwan kogi a tsakiyar damina, ya girgiza, ya ajiye ta kwana ɗaya. Zai tarar yashi a ƙasa, laka a bisansa, ruwa garau a sama.

Abu biyu ne ke ƙayyade yawan ƙasar da kogi zai ci. Na fari shi ne yawan ruwan sama da ƙarfin zubarsa. Na biyu shi ne suturar ƙasa, watau ciyawa da itatuwa. Ganye yana tare ɗigon ruwa kada ya doki ƙasa da ƙarfi, saiwa kuma tana ɗaure ƙasa tana buɗe wa ruwa hanyar shiga cikinta.

Saboda haka kogi yakan shiga hali uku. In ruwa yana da yawa, ƙasa kuma tana da sutura, kogi yakan gudana rani da damina, ya haƙa wa kansa hanya mai zurfi, abin da yake ɗauka galibi laka ce. In fari ya daɗe, ciyawa ta mutu, kogi yakan rasa ƙarfin ɗaukar kayansa, yashi ya cika hanyarsa, iska kuma ta ƙara masa rairayi har ya toshe. Hali na uku shi ne mafi ɓarna, watau sa'ad da ruwa mai yawa ya komo ya tarar da ƙasa tsirara, ciyawa ba ta riga ta kama ba. A nan ne zaizaya take yin iyakar ƙarfinta. Dukan halin nan uku sun wuce a kan kogunan da ke gangarawa Tafkin Chadi.

Yadda Aka San Labarin

Mutanen wancan zamani ba su bar rubutu ba, amma ƙasa ta ajiye shaida. Masu haƙar rijiya sun san cewa ƙasa hawa hawa ce. A wuce rairayi a tarar da baƙar laka, a wuce ta a tarar da farin yashi da tsakuwa, wani lokaci har da ƙashin kifi da ɓawon katantanwa, a wurin da ko tafki babu a yau. Kowane hawa yana nuna halin zamaninsa. Laka ta ruwa tsayayye ce, tsakuwa ta ruwa mai gudu ce, rairayi mai laushi wanda ƙwayoyinsa suka daidaita kuwa na iska ne. Na ƙasa shi ne ya riga na bisa.

Wajen shekarar 1949 wani masani Ba'amurke, Willard Libby, ya fito da hanyar auna shekarun gawayi da ƙashi da itace. Duk abu mai rai yana da wani sinadari a jikinsa, wanda yake soma raguwa daga ranar da ya mutu, rabinsa yakan ƙare cikin shekara wajen 5,700. In an auna abin da ya rage, sai a san daɗewar mutuwarsa. Bayan wannan kuma, hotunan da ake ɗauka daga jirgin sama da tauraron ɗan adam suna nuna tsofaffin hanyoyin ruwa da gaɓar tafkuna, waɗanda mai tafiya a ƙasa ba zai gane su ba.

Zamanin Rairayi

Shekara wajen 20,000 da suka wuce, duniya ta yi sanyi ƙwarai. Ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da arewacin Amurka, ta riƙe ruwa mai yawa, har teku ta sauka wajen ƙafa 400 ƙasa da inda take yanzu. A Afirka ta Yamma sanyin nan fari ya kawo. Iskar damina ta yi rauni, iskar hunturu ta yi ƙarfi, Hamada ta matso kudu wajen mil 300.

A lokacin nan ne iska ta gina tuddan rairayin ƙasar Haɗeja da Gumel da arewacin Barno. Shi ya sa duk suka miƙe waje ɗaya, domin hanyar da iskar hunturu take bi ke nan. Wani Baturen Ingila, A. T. Grove, ya yi bayaninsu cikin shekarar 1958, ya nuna cewa jigayin ƙasar Hausa tsohuwar hamada ce da ciyawa ta rufe. Koguna suka raunana, rairayi ya tare musu hanya. Tafkin Chadi kansa ya ƙafe, har iska ta gina tuddai a cikin gindinsa. Tsibiran da ke jere a gabas da arewacin tafkin, inda Buduma suke kiwon shanu, kawunan waɗannan tuddai ne, waɗanda ruwa ya kewaye daga baya.

Zamanin Ruwa

Shekara wajen 15,000 da suka wuce ruwa ya soma komowa. Ya ɗan ja baya na wani lokaci, sa'an nan daga wajen shekara 11,000 ya zauna sosai, ya daɗe har wajen shekara 6,000 yana zuba.

Ruwan farko ya faɗi a kan ƙasa tsirara. Daga duwatsun Jos da tsaunukan kudancin Kano, ƙoramu suka yi ta gangaro da yashi da tsakuwa. Kogin Kano da na Calawa, waɗanda suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, da Kogin Jama'are, suka fito fili suka iske tuddan rairayi sun gitta musu. Ba su sami hanya ɗaya miƙaƙƙiya ba, sai suka rarrabu, suka bi kwarurrukan da ke tsakanin tuddan, suna cin wani tudun suna kewaye wani. Inda ruwa ya tsaya a bayan tudu, sai laka ta kwanta, shekara bisa shekara. Asalin manyan fadamun Haɗeja da Nguru ke nan, kuma shi ya sa har yanzu kogunan nan biyu suke rassa barkatai kafin su haɗu kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe. Su kuwa tuddan, ciyawa ta kama su ta ɗaure, suka daina tafiya, suka zama jigawa.

Ruwan nan duka Tafkin Chadi ya nufa, tare da na Kogin Shari da na Logon daga kudu, da na wasu koguna daga duwatsun Tibesti a arewa. Tafkin ya cika ya bunƙasa, har faɗinsa ya kai murabba'in mil wajen 135,000, watau fiye da sulusin ƙasar Nijeriya duka. Ruwansa ya hau wajen ƙafa 130 bisa inda yake kaiwa a zamanin nan. A wuri mafi zurfi, can arewa maso gabas a kwarin Bodele, zurfinsa ya wuce ƙafa 500. Da ya cika maƙil sai ya sami mafita ta Mayo Kebbi, ya zuba cikin Binuwai, daga nan Kwara, har teku.

Tafki mai wannan girma yana da igiyar ruwa kamar teku. Igiyar ta riƙa tattara yashin da koguna suka kawo tana jibge shi a gaɓa, har ya zama dogon tudu, wanda ake kira Tudun Bama. Ya bi ta Maiduguri da Bama, ya shiga Kamaru ta Limani har Yagwa. Birnin Maiduguri a kansa yake, alhali kuwa tsakaninsa da tafkin yau ya fi mil 60. Kogin Ngadda ya keta tudun nan a Maiduguri, ya bazu a fadamar Jere, inda ake noman shinkafa. A arewa kuma, a wani wuri da ake kira Angamma, kogin da ke saukowa daga Tibesti ya jibge yashi da laka masu yawa a bakin tafkin. Tarin yana nan har yau a tsakiyar Hamada, babu kogin, babu tafkin.

Lakar da ta fi laushi ta kwanta a wuraren da ruwa ba shi da motsi, a kudancin tafkin. Ita ce baƙar ƙasar nan ta wajen Dikwa da Ngala da Marte, wadda Barebari suke kira firki. Da rani takan tsage, da damina takan riƙe ruwa, shi ya sa ake dasa masakwa a cikinta bayan ɗaukewar ruwa, ta nuna da danshin ƙasa kaɗai.

Jirgin Dufuna

Cikin shekarar 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙar rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a gefen kogin Komadugu Gana, cikin ƙasar da ta zama Jihar Yobe. Da ya kai zurfin ƙafa wajen 16, watau kusan gaba uku, sai ya ci karo da wani baƙin itace mai tauri. Aka kai labari ga hukuma. Cikin shekarar 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tone shi, sai ga jirgin ruwa sassaƙaƙƙe na itacen maɗaci, tsawonsa ya fi ƙafa 27. Da aka auna itacen aka tarar ya kai shekara wajen 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka samu a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. Daga baya aka kai shi Damaturu.

Jirgin ya nuna cewa ruwa yana da yawa a wurin, har mutane suka bukaci jirgi, kuma sun iya sassaƙa ƙwarai. Ƙasar da aka tarar a bisansa kuwa, laka da yashi hawa hawa, ta nuna yawan abin da kogi yake ajiyewa. In aka raba ƙafa 16 bisa shekara 8,000, sai a ga inci ɗaya ke nan cikin kowace shekara 40, ko da yake wani zamanin ya fi wani. Mutum zai yi rayuwarsa duka a bakin fadama bai lura ta ƙaru ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Can cikin Hamada ma an sami irin wannan shaida. A Gobero, cikin Tenere ta Jamhuriyar Nijar, an gano wata tsohuwar maƙabarta cikin shekarar 2000, mai kaburbura wajen 200, a bakin wani tafki da ya ƙafe. Tare da su akwai ƙasusuwan giwan ruwa da na kada da na dorina, da masun kamun kifi na ƙashi.

Komowar Fari

Shekara wajen 5,000 da suka wuce ruwa ya soma raguwa. Babban tafkin ya riƙa ja da baya, mutane suna bin sa. Suka zauna a wajen Gajiganna shekara wajen 3,800 da suka wuce, daga baya suka shiga firki. Da yake firki yakan malale da damina, sai suka riƙa gini a kan kufan iyayensu, har garuruwan suka zama tuddai. Wani masani, Graham Connah, ya tona irin wannan tudu a Daima cikin 1965 da 1966, ya tarar da zaman mutane hawa hawa fiye da ƙafa 30. Babu dutse a firki, domin duk ƙasar ruwa ne ya ajiye ta, saboda haka mazaunan farko sukan yi wasu kayan aikinsu da ƙashi, dutse kuwa daga nesa suke kawo shi.

Ba kwarin Chadi kaɗai abin ya shafa ba. A yammacin Nijar akwai manyan kwarurruka da ake kira Dallol, kalmar Fulatanci ce mai ma'anar kwari. Dallol Boso ya taso daga Azawak, inda ruwan duwatsun Abzin yake taruwa a da, ya bi ta Filinge da Birnin Gaure ya faɗa Kwara. Dallol Mawri ya bi ta Dogon Dutsi ya faɗa Kwara kusa da Gaya. Manyan koguna ne suka haƙa su, suka bar gaɓa mai tsawo dama da hagu. Da ruwa ya janye sai yashi ya cika su. Amma ruwa yana nan kwance a cikin yashin, shi ya sa rijiyoyin Dallol ba su da zurfi, garuruwa kuma suka jeru a cikinsa.

Kwarin Bodele shi ne ya riƙe ruwa har ƙarshe, bai bushe sarai ba sai wajen shekara 1,000 da suka wuce. Gindinsa cike yake da wani farin gari, ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka rayu a tafkin. Da hunturu iska takan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta ɗauki garin nan ta yi sama da shi. Babu wurin da ya kai Bodele tayar da ƙura a duniya. Yawancin hazon da ke rufe Kano da Zariya daga can yake, wani ma yakan ƙetare teku har dajin Amazon a Barazil. Abin da koguna suka tara a tafkin, iska ce take rarraba shi yanzu, kaɗan daga cikinsa yana sauka a gonaki ya zama taki.

Dalilin Juyin

Kowace shekara iskar teku mai danshi takan taso daga kudu maso yamma, ta tura busasshiyar iskar Hamada arewa. Iyakar inda ta kai, nan ne iyakar damina. Abin da ke jawo ta shi ne zafin ƙasa da bazara. To, duniya ba ta kewaya rana a kan da'ira daidai, akwai watan da take kusa da ita, akwai watan da take nesa. Watan kusancin nan yana zagayawa sannu sannu, yakan komo inda ya fara cikin shekara wajen 21,000. A zamanin nan cikin watan Janairu duniya ta fi kusa da rana. Shekara 11,000 da suka wuce kuwa kusancin ya faɗo a tsakiyar damina, ƙasa ta ƙara zafi, ta jawo iskar teku har cikin Hamada. Da ciyawa da tafkuna suka yawaita, su ma suka ƙara danshi. Da zagayen ya wuce, damina ta ja baya.

Abin da Ya Shafi Manomi

Bayan manyan juyin nan akwai ƙanana, waɗanda mutum yakan gani cikin rayuwarsa. Cikin shekarar 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kusa murabba'in mil 10,000. Farin 1973 ya raba shi biyu, bayan na 1984 kuwa abin da ya rage a fili bai kai ushirin na da ba. Amma ga abin lura. A ƙasar Yamai, bayan farin nan, an tarar ƙoramu suna kawo ruwa da yashi fiye da yadda suke kawowa a shekarun 1950, sa'ad da ruwan sama ya fi yawa. Dalili kuwa shi ne fari da sassabe da saran itace sun tuɓe ƙasa, fuskarta ta taurare, ruwa ba ya shiga, sai ya malala ya haƙa kwazazzabai, ya zuba yashin cikin Kwara. Hali na uku ke nan da aka ambata a farko, watau ruwa bisa ƙasa tsirara. A da dubban shekarun fari ne suke tuɓe ƙasa, yanzu gatari da wuta da yawan kiwo sukan yi haka cikin shekara ashirin. Ga shi kuma tun daga shekarun 1980 manyan hadura masu zubar da ruwa da yawa lokaci guda sun ƙaru a ƙasashen bakin Hamada.

Fadama ma tana bukatar ambaliyar da ta haife ta. Bayan an gama madatsar Tiga cikin 1974 da ta Calawa cikin 1992, babbar ambaliyar damina ta ragu a ƙasar Haɗeja, ruwa kaɗan kuwa yana gudu duk shekara. Laka da kacala suka toshe wasu rassan kogin, ruwa ya karkata wajen Nguru ya cinye gonaki, wasu garuruwan kuma suka rasa shi.

Manomi ba shi da iko a kan tafiyar duniya da rana, amma suturar gonarsa tana hannunsa. A ƙasar Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka kama abin da suke kira sassaben zamani, watau barin tohon itatuwa ya girma a gona maimakon a sare shi. Itatuwa suka komo a gonaki fiye da eka miliyan 10. A ƙasar Adar ana jera duwatsu a gicciye bisa gangara, don ruwa ya rage gudu ya sauke ƙasar da ya ɗauko. Wanda ya yi kunyoyinsa a gicciye da gangara, ya bar gamba a iyakar gona, ya bar kara ya rufe ƙasa da rani, ya ƙyale gawo da itatuwan bakin rafi, ya yi wa ƙasarsa rigakafi. Ɗan ƙaramin kwararo a gona, in an toshe shi da duwatsu da kara tun yana kamu ɗaya, aikin yini ne. In an bar shi damina biyar, sai ya raba gonar biyu, ya kai yashinta ya binne fadamar maƙwabci.